Wanda Ke Jawo wa Jirgin Ƙasa Kaya, Shi Ya Cancanci Rangwame

Ranar 1 ga Janairun 1917, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, mutanen Birtaniya suka wayi gari kuɗin jirgin ƙasa ya ƙaru da rabi. Tafiyar da ake biyan sule biyu ta koma sule uku. An rage jiragen fasinja, an rufe ƙananan tashoshi da dama, an kwashi kawunan jirage da taragai har da ƙarafan dogo an tsallaka da su Faransa inda ake gwabzawa. Tikitocin rahusa kuwa tun kafin nan aka fara soke su ɗaya bayan ɗaya. Gwamnati, wadda ta karɓe ragamar kamfanonin jirgin tun watan Agustan 1914, ba ta ɓoye manufarta ba. So take mutane su zauna a gida, a bar dogo ga soja da kwal da harsashi.

Ba ni da ta cewa a kan wannan. Ƙasar da ke yaƙi dole ta matse. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne abin da ya biyo bayan ajiye makamai a ranar 11 ga Nuwamban 1918. Kowa ya zaci za a mayar da abin da aka karɓa da sunan yaƙi. Maimakon haka, a watan Agustan 1920 aka sake ƙarawa, kuɗin tikiti ya haura na kafin yaƙi da kashi 75 cikin ɗari. A cikin waɗanda wannan al'amari ya fi yi wa zafi akwai wasu mutane da ba a cika tuna su ba idan ana labarin wancan zamani: wakilan kamfanoni masu yawon talla gari-gari da samfurin kaya.

Mutane ne masu yawa, wajen 100,000 kafin yaƙin. Suna da ƙungiyarsu ta ƙasa tun 1883, suna da makarantar da suka gina wa marayun abokan sana'arsu a Pinner, kusa da Landan, kuma a otal-otal na garuruwan kasuwanci akan ware musu ɗakin cin abinci nasu na daban. Mutum zai bar gidansa da asubar Litinin, ya shiga jirgi da manyan kwanduna cike da samfurin yadi daga masaƙun Manchesta, ko wuƙaƙe da cokula daga Sheffield, ko takalma daga Northampton. A kowace tasha ɗan dako ya sauke masa, ya tura a baro zuwa kantuna, ya buɗe, ya baje, ya yi ta lallashin mai kanti har ya rubuta oda. Da dare ya zauna a otal ya kwafe odar ranar ya aika wa kamfani ta gidan waya. Kashegari ya kama gari na gaba.

Ina jin zafin mutanen nan ne domin na taɓa sana'ar. A shekarun 1980 na yi wa wata masaƙa a Kaduna wakilci, lokacin da masaƙu ke aiki dare da rana. Jarina duka wani littafi ne mai kaurin gaske: kowane shafi kwali, a manne da shi ƙyallen atamfa kamar tafin hannu, da lamba a ƙarƙashi. In na shiga Kantin Kwari na ajiye shi a gaban babban ɗan kasuwa, ba ya ko kallon fuskata. Zai murza ƙyallen tsakanin yatsu biyu, ya ɗaga shi wajen hasken ƙofa, ya jiƙa ɗan yatsa ya goga ya duba ko rini na zuba. Sai ya yi shiru, ya amsa gaisuwar wani, ya aiki yaro sayen goro. Can sai ya ce, ba tare da ya juyo ba, “Wannan mai ruwan ƙasan, a kawo dila goma.” Littafin bai fi a riƙe shi a hammata ba, amma maganar da ta fito a kansa za ta motsa babbar mota. Wanda bai ga wannan da idonsa ba, da wuya ya gane abin da ake rigima a kai a Ingila bayan yaƙi.

Rangwamen da wakilan nan suke samu kafin yaƙi iri biyu ne manya. Na farko tikitin ƙarshen mako: wanda ya nuna shaidar cewa wannan ce sana'arsa, zai biya kuɗin zuwa kawai, a ba shi tikitin zuwa da dawowa, ya tafi gida ranar Juma'a wajen iyalinsa, ya koma bakin aiki ranar Litinin. Na biyu sassauci a kan sikeli, domin kwandunansa sun fi ƙarfin abin da ake bar wa fasinja kyauta. Bari mu buga lissafin da kuɗin da kakanninmu suka sani. Kafin yaƙi, kujerar gama-gari kwabo ɗaya ce kowane mil. Mutumin da ke aiki mil 100 daga gidansa, sule 8 da kwabo 4 zai biya ya je ya dawo. A ƙarshen 1920, babu rangwame ga ƙarin farashi, wannan tafiyar ta zama sule 29 da kwabo 2. Ninki uku da rabi ke nan. Ga wanda rabin abin da yake samu kamasho ne, zaɓi ya rage biyu: ko ya bar kuɗin cefane a tagar tikiti, ko ya kwana a otal Asabar da Lahadi, 'ya'yansa su riƙa ganinsa sau ɗaya a wata. Da yawa cikinsu kuma sojoji ne da suka dawo daga ramukan Faransa suka tarar da wannan.

Ƙungiyarsu ta yi ta kai kuka. 'Yan majalisa suka riƙa tashi suna tambayar sabuwar Ma'aikatar Sufuri, wadda aka kafa a 1919 aka ɗora Eric Geddes a kanta, yaushe za a dawo da tikitin. Amsar ba ta wuce ɗaya ba: babu kuɗi, babu isassun taragai, a ƙara haƙuri.

Adalci ne a faɗi cewa ba ƙarya suke yi ba. Dogo ya ci wuya shekara huɗu babu gyaran kirki. A 1919 ma'aikatan jirgi sun samu aikin awa takwas a rana, sannan sun yi yajin aiki na ƙasa baki ɗaya a ƙarshen Satumba don kare albashinsu, kuma zuwa 1920 kuɗin da ake biyan ma'aikata ya ninka na kafin yaƙi sau uku. Kwal ya yi tsada. Giɓin da ake samu, baitulmali ke cikewa, wato talaka mai biyan haraji. Saboda haka mai hankali zai iya tambaya: don me za a rage wa mutum mai kwat da hula, wakilin attajiri, alhali matar da mijinta ya mutu a yaƙi tana biyan cikakken kuɗi in za ta je ganin uwarta? Kuma wa ya tabbatar rangwamen aljihun wakilin yake shiga, ba aljihun kamfaninsa ba? Tambayoyi ne masu nauyi, kuma ban raina su ba.

Sai dai suna ɗauka cewa rangwamen sadaka ne. Ba sadaka ba ne, kuma waɗanda suka ƙirƙiro shi tun farko ba masu tausayi ba ne, 'yan kasuwa ne masu ido. Kamfanonin jirgin Birtaniya sun fi samun kuɗi a dakon kaya fiye da ɗaukar mutane. Kayan nan kuwa ba da kansu suke zuwa tasha ba. Sai wani ya je ya shawo kan mai kanti a wani ƙauyen Wales ko Sikotilan ya ce a aiko masa, sannan akwati ya bar masana'anta ya hau tarago. Wannan wanin shi ne wakilin talla. A taƙaice, dillali ne da ke nemo wa jirgi lodi ba tare da jirgi ya biya shi albashi ba. Ladansa duka ɗan ragin nan ne na Juma'a. Kamfanonin sun san wannan hikimar sarai, domin suna sayar wa manyan 'yan kasuwa tikitin shekara a rahusa gwargwadon yawan kayan da suke ba jirgi dako. Amma bayan yaƙi, da matsi ya zo, sai aka tsaya ana ƙirga abin da za a rasa a tagar tikiti, aka manta da abin da ke shigowa ta ƙofar sito.

Kuma lokacin da aka zaɓa a yi wannan maƙo, shi ne mafi muni. Kafin 1914, wanda jirgi ya ɓata wa rai kusan ba shi da inda zai nufa sai keken doki. Bayan 1918 labari ya canja. Soja ya dawo da dubban manyan motoci da ba ya bukata. A wani makeken fili a Slough, yamma da Landan, aka jibge su, har a 1920 wasu 'yan kasuwa suka saye filin da motocin a kan fam miliyan bakwai, suka gyara suka yi ta sayarwa da araha. Masu saye kuwa tsofaffin sojoji ne da suka koyi tuƙi a fagen daga, suna da ɗan kuɗin sallama a hannu. Kowa ya sayi ɗaya ya shiga dako. Doka ta tilasta wa jirgi ya buga farashinsa a fili kuma ya ɗauki duk abin da aka kawo masa, shi kuwa mai mota sai ya leƙa ya ga farashin jirgi, ya rage kaɗan, ya zaɓi kaya masu tsoka ya bar wa jirgi ƙashi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A ɓangaren ƙananan motoci ma haka. Kamfanin Morris ya karya farashi a 1921, Austin 7 ta fito a 1922, motar da matsakaicin mutum zai iya haƙilo ya saya. Zuwa 1930 motocin hawa a Birtaniya sun wuce miliyan ɗaya. Wakilin talla na cikin waɗanda suka fi bukatar irin wannan mota: ya zuba samfurinsa a baya, ya shiga ƙauyukan da dogo bai bi ba, ya ga kantuna goma a ranar da a da yake ganin huɗu. Ga kuma abin da na fi so a lura da shi. Mutumin da ke yawo a jirgi, in mai kanti ya tambaye shi yaya kayan za su iso, zai ce a jira su a tasha. Mutumin da ke yawo a mota, wanda ya saba da direbobin hanya a wuraren shan shayi, zai ce ya san mai motar da zai kawo su har bakin ƙofa. Jirgi bai rasa fasinja ɗaya kawai ba, ya rasa bakin da ke yi masa talla.

Ba ina cewa da an dawo da tikitin Juma'a a 1919 da mota ba ta ci kasuwa ba. Mota za ta zo ko ana so ko ba a so. Amma akwai bambanci tsakanin abokin ciniki ya tafi a hankali yana waiwaye, da ka tura shi waje da hannunka a daidai ranar da maƙwabcinka ya buɗe shago. Gwamnati ta saki ragamar jiragen a Agustan 1921, ta biya kamfanonin diyyar fam miliyan 60, aka haɗe kamfanoni kusan 120 suka zama manya huɗu daga 1 ga Janairun 1923. A ranar aka sauko da farashi zuwa ahu, wato kwabo ɗaya da rabi kowane mil. Tikitin wakilan talla ya dawo, amma a kan sabon farashi aka gina shi, kuma da yawa sun riga sun ɗanɗana sitiyari. A 1933, da wuta ta yi wuta, kamfanonin nan suka fito da tikitin zuwa da dawowa na kwabo ɗaya a mil ga kowa da kowa, ba ga wakilai kaɗai ba, da farko na bazara, daga baya ya zama na dindindin. Abin da suka yi wa mutum dubu ɗari rowarsa, suka dawo suna roƙon miliyoyi su karɓa. A 1938 har allunan talla suka lilliƙa a tashoshi suna kukan a yi musu adalci a gasarsu da motoci. Ihu bayan hari.

 

Me ya kawo wannan tsohon labari cikin jaridar Hausa? Turawan nan dai su suka shimfiɗa mana namu dogon, kuma mun ga abin da ya yi da ɗan kasuwa ya rungume shi. Dogo ya iso Kano a 1911. Turawa auduga suke hange, amma fataken Kano suka duba suka ga gyaɗa ta fi riba, suka bazu ƙauyuka da gishiri da yadi suna ba manoma, suna cewa a biya su da gyaɗa in kaka ta yi. Cikin shekara biyu tashar Kano ta cika ta batse da buhuna. Ba injiniya ne ya cika taragan nan ba, masu yawon ciniki ne. Goron da ake shafe watanni ana kawowa a kan jakuna daga Gwanja ya koma bin teku zuwa Legas, daga nan ya hau jirgi. Alhassan Dantata na cikin waɗanda suka fara gane wannan hanya. Layi ya kai Ƙauran Namoda a 1929, Nguru a 1930, Maiduguri a 1964, kuma kowace tasha da 'yan kasuwar da suka raya ta. Sai yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya katse layin gabas, kuɗin mai ya zo aka malala kwalta, tirela ta shigo. Lokacin da nake yawo da littafin atamfata, ban taɓa jin wani mai saye ya ce a aiko masa ta jirgi ba. A Fijo nake zuwa, a mota kaya ke bi na.

Yanzu muna sake gini bayan wani irin yaƙin. Layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 ya tsaya cak bayan harin 28 ga Maris na 2022, bai dawo ba sai Disamban shekarar. Ana aikin Kaduna zuwa Kano, ana aikin Kano zuwa Maraɗi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Bashi ne aka ciyo, kuma ba kuɗin kujerar fasinja ne zai biya shi ba. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, ƙaramin ɗan kasuwa da ke saro kaya a Kwari ko Dawanau ya kai wani gari yana kuka da kuɗin mota, ban da abin da ake tatsa a shingaye. Ba a taɓa samun lokacin da zai fi sauƙi a janyo shi zuwa tasha ba.

Amma dubi irin rangwamen da muka iya. A Disamban 2023 gwamnatin tarayya ta ce a hau jirgi kyauta na kusan mako biyu saboda bukukuwan ƙarshen shekara. An ji daɗi, an yi godiya, an wuce. Wannan kyauta ce, kuma kyauta ba ta gina ciniki. Wanda ya hau kyauta don zuwa biki ba zai dawo da buhu ko ɗaya ba. Ni da za a tambaye ni, da kuɗin nan ko rabinsa aka sa a tikitin 'yan kasuwa mai ɗorewa. Wanda ya auna kaya a sikelin tasha ya biya kuɗin dako, takardar awon ta zama shaidarsa, a rage masa kuɗin kujera. Wanda ya tara irin takardun nan a wata uku, a sayar masa da tikitin wata a rahusa. Wakilin masana'anta da kamfaninsa ke ba jirgi lodi, a ba shi irin tikitin nan na Juma'a zuwa Litinin.

Na san abin da za a ce, domin ni ma ɗan ƙasar nan ne: manya za su kwashe, 'yan bumburutu su sayar a bakin tasha, kowane ɗan siyasa ya wayi gari ɗan koli. Maganin wannan shi ne kada a rataya rangwamen a kan katin ƙungiya ko takardar wani shugaba, domin can ne ake yin cuwa-cuwar. A rataya shi a kan kayan da aka auna. Tikitin Abuja zuwa Kaduna an riga an ɗaure shi da lambar katin ɗan ƙasa, saboda haka hanyar tantance mai shi tana nan. A taƙaita shi ga kujerar gama-gari, mai son ɗakin manya ya biya cikakke. A sa mafi ƙarancin awon ya zama daidai ƙarfin matar da ke ɗauko turmin atamfa ashirin da kayan yara, ba sai mai cika tarago ba. Ita ce ke tafiya kowane mako, attajiri kuwa waya yake bugawa.

Kuma duk wannan zance ne kawai in jirgin ba shi da taragon ƙananan kaya a bayansa, da sito mai makulli a tasha, da lokacin tashi da mutum zai iya yi wa abokin cinikinsa alkawari a kai. Waɗanda ke zana tashoshin Kano da Katsina da Maraɗi yanzu suke yanke shawarar inda sikeli zai zauna da ta inda baro zai shiga. Shugabannin kasuwannin Kwari da Singa da Dawanau su nemi a nuna musu zanen tun kafin a gama zuba kankare.